Sunan Unguwa da Rukunin Masana: Sharhi a Kan Rarraba Jama'ar Ƙasar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2012 aka buga wani nazari na Adegbola Ojo da Daniel Vickers da Dimitris Ballas, wanda aka gudanar a Jami'ar Sheffield ta Ingila. Abin da waɗannan masana suka yi shi ne, suka ɗauki ƙananan hukumomin Nijeriya 774, suka auna kowace ɗaya da ma'aunai masu yawa, irin su shekarun mazauna, da girman iyali, da ilimi, da sana'a, da yanayin gidaje, sa'an nan suka bar kwamfuta ta tattara masu kama da juna wuri guda. Alƙaluman da suka yi aiki da su na shekarar 2006 ne. Daga ƙarshe suka fitar da manyan rukunoni 6, waɗanda suka kasu zuwa matsakaita 23, su kuma suka kasu zuwa ƙanana 57. Watau ke nan kowace ƙaramar hukuma, har da Kaugama ta ƙasar Haɗeja, ta sami gurbi da laƙabi a cikin wannan jadawali.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi sharhi a kan wannan hanya ta rarraba jama'a bisa halin wurin zamansu, a kuma gwada ta da rabon da Bahaushe ya daɗe yana yi da bakinsa, watau sunayen unguwanni. Ra'ayin da za a kare shi ne, sunan unguwa da rukunin masana duka rabo ne, amma mai jin sunan unguwa ya san tarihi ake ba shi, shi kuwa mai karanta rukunin masana yakan ɗauka halin yau ake gaya masa. A ƙasar fadama irin ta Kaugama wannan zato yana da haɗari, domin taki da magani da agajin ambaliya taswira suke bi.

2.0 Asalin Wannan Hanya

Ba yau aka fara shafa wa unguwanni launi ba. A 1889 wani attajirin Ingila mai suna Charles Booth ya fitar da taswirar talauci ta birnin Landan, inda ya ba kowane titi launi ɗaya daga cikin bakwai, tun daga ruwan ɗorawa na masu arziki har zuwa baƙi na mafi ƙasƙanci. Aikin ya yi amfani, gama ya nuna wa masu mulki yawan talakawan da ke ƙarƙashin hancinsu. Sai dai bayanin da ya rubuta a gefen baƙin launin bai tsaya ga talauci ba, har ya jingina wa mazauna waɗannan tituna mugun hali da kusanci da aikata laifi. Tun daga farko ke nan, awon aljihu ya zarce ya zama hukunci a kan hali.

A Amurka kuwa, cikin shekarun 1930, wata hukumar gwamnati mai kula da bashin gidaje ta zana taswirorin birane fiye da 200, ta kasa unguwanni mataki huɗu, ta shafa wa na ƙarshe ja. Yawancin unguwannin baƙar fata a cikin jan suka faɗa, kuma samun rancen gina gida a cikinsu ya zama da wuya ƙwarai, har sai da dokar 1968 ta haramta nuna bambancin launin fata a harkar gidaje. Daga ƙarshen shekarun 1970 'yan kasuwa suka karɓi wannan ilimi, aka fitar da tsare-tsare irin su ACORN a Ingila da PRIZM a Amurka, domin mai talla ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Duk waɗannan tsare-tsare a kan ginshiƙi ɗaya suka tsaya, watau cewa maƙwabta sun yi kama da juna, saboda haka in ka san unguwar mutum ka san rabin halinsa. A ƙasashen da mutum yake sayen gida gwargwadon albashinsa, ya tashi in albashin ya ƙaru, wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Tambayar ita ce ko haka zaman yake a ƙasar Hausa.

3.0 Rabon da Harshe Ya Yi

Bahaushe bai jira masana ba kafin ya rarraba garinsa. In aka dubi sunayen unguwanni ta fuskar ƙirar kalma, za a ga aƙalla hanyoyi biyar da harshe yake bi.

Ta farko ita ce ƙirar sunan wuri mai farawa da ma-, wadda take nuna inda ake yin wata sana'a, kamar Majema, da Marina, da Maƙera, da Mahauta. Ta biyu ita ce ɗafa-ƙeyar -awa, mai nuna asali ko zuriya ko sana'a, kamar Agadasawa da Tudun Nufawa a Kano, da Gidaɗawa da Takalmawa a Sakkwato, da Masanawa a Katsina. Ta uku ita ce 'yan-, kamar 'Yankoli. Ta huɗu ita ce jingina wuri ga wanda ya sare shi, kamar Unguwar Jibrin a ƙasar Kaugama. Ta biyar ita ce siffanta ƙasa ko lokacin zama, kamar Tudun Wada, da Gangare, da Sabon Gari, da Zango. A kan waɗannan akwai kalmomin da suke bambanta irin mazauni shi kansa: birni, da gari, da ƙauye, da tunga, da ruga.

A cikin garin Haɗeja ana samun Majema, da 'Yankoli, da Kasuwar Ƙofa, da Sabon Garu, da Gagulmari. Na farko da na biyu sana'a suke nunawa, na uku ciniki, na huɗu faɗaɗar gari, na ƙarshe kuwa yana ɗauke da ƙarshen kalma irin wanda aka saba ji a sunayen garuruwan Barebari. Wannan bai zama abin mamaki ba, domin ƙasar Haɗeja mahaɗa ce: akwai Hausawa, da Fulani, da Mangawa, da Badawa, ga kuma Auyokawa waɗanda harshensu ya ɓace suka koma Hausa. Sunaye biyar kawai, amma sun ba da labarin sana'a da kasuwa da ƙaura.

To, amma abin lura shi ne yadda mai harshen yake fahimtar waɗannan sunaye. Ba wanda yake shiga Soron Ɗinki a Kano yana zaton kowane gida na maɗinki ne. Ba wanda yake zuwa Ayagi yana tsammanin sai da Yarabanci zai yi sallama, ko da yake Yarabawa ne suka kafa ta. Dandalin Turawa ma sunan Larabawan Arewacin Afirka take ɗauke da shi, tun zamanin da kalmar Bature take nufinsu, kafin ta koma kan mutanen Turai. Sunan ya tsaya, jama'a sun sauya, kuma kowa ya san haka. Sunan unguwa yana gaya maka wanda ya fara zama, ba ya rantse maka a kan wanda yake zaune yau.

Ba a ce rabon gargajiya ba shi da aibi ba. A nazarin da M. G. Smith ya buga a 1959 a kan matakan daraja a tsakanin Hausawa, ya nuna bambancin sana'ar da aka gada, watau karda, da wadda aka shiga da rana tsaka, watau shigege, ya kuma nuna yadda ake ajiye wasu sana'o'i kamar fawa da kiɗa a ƙasan tsani. Saboda haka sunan unguwa yakan bi yaro har ƙofar gidan da ya je neman aure. Duk wanda ya san zaman Hausa ya san abin da tambayar "ɗan wace unguwa ne?" take nufi a bakin waliyyin yarinya. Amma ko a nan ma akwai mafita, domin ana iya aika dattijo ya bincika gidan da kansa, ya dawo ya ce ba a taru an zama ɗaya ba. Jadawalin da ke cikin ofis ba ya aika dattijo.

4.0 Rabon da Hukuma Ta Yi

Sarakunan da suka gabaci Turawa su ma sun rarraba jama'a, don karɓar haraji. A ƙasar Kano, ban da kuɗin ƙasa, akwai kuɗin karofi a kan marina, da kuɗin rafi a kan masu noman ban-ruwa, ga jangali a kan masu shanu. Wannan yana nuna cewa tsohuwar hukuma ta gane mai lambu dabam yake da mai gonar tudu, ko da katangarsu ɗaya. Mutum ake bi da sana'arsa, ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi.

Turawa, bayan sun ci Kano a 1903 da Haɗeja a 1906, sun zo da wani sabon abu, watau raba ƙasa kafin mutane su zauna a kanta. Aka keɓe unguwar Turawa, aka bar fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, da hujjar tsoron zazzaɓi. Aka yanka Sabon Gari domin baƙi daga Kudu, aka yanka Tudun Wada domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba, kuma dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan tsari. A nan rabon ya juye: da, mutane ne suke zama sa'an nan suna ya biyo baya, yanzu kuwa suna ne yake riga zuwa ya jira mutane. Sakamakon wannan rabo bai ɓoyu ba, domin tun daga rikicin Kano na 1953 iyakar Fagge da Sabon Gari ta sha zama fagen arangama. Darasin shi ne, layin da hukuma ta ja a takarda yakan zama gaskiya a ƙasa, ko da farko ba gaskiya ba ne.

5.0 Kaugama a Ma'auni

Kaugama ɗaya ce daga ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, tare da Auyo, da Birniwa, da Guri, da Haɗeja, da Kafin Hausa, da Kiri Kasamma, da Malam Madori. Tana cikin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 120,000. In aka ɗora aikin Ojo da abokansa a kan wannan ƙasa, matsaloli uku suke bayyana.

5.1 Girman Mudu

A Ingila, inda wannan ilimi ya bunƙasa, yankin da ake rarrabawa ƙarami ne ƙwarai, gidaje wajen 125, watau mutum kamar 300. A Nijeriya kuwa masu aikin ƙaramar hukuma suka ɗauka a matsayin ƙwaya ɗaya, domin iyakar inda alƙaluman da ke hannu suka sauka ke nan. Ba laifinsu ba ne, amma dole mai karatu ya san abin da haka ya haifar. Mudun da aka ƙera don awon mutum 300 an cika shi da mutum sama da 120,000.

Ƙasar Kaugama kuwa ba iri ɗaya ba ce. Kudancinta ya gangara zuwa fadamar Kogin Haɗeja, inda ake shinkafa, da lambu, da su. Arewacinta tudu ne da jigawa, inda gero da wake da riɗi da zoɓo suke jiran ruwan sama kaɗai. Shekarar da kogi ya cika ya yi ambaliya, kamar 2020 da 2022, mutumin fadama ne yake kuka, alhali na tudu yana iya cika rumbu. Shekarar fari kuwa, irin na 1973 da 1984, na tudu ne yake fara sayar da akuya. In aka haɗa waɗannan biyu aka fitar da matsakaici, za a sami wani manomi wanda rabin gonarsa tana cikin ruwa rabi tana ƙuna, kuma babu irin wannan mutum a Marke ko a Yalo ko a Hadin. Matsakaicin ya siffanta wanda ba a haifa ba.

5.2 Lokacin Awo

Matsala ta biyu ita ce lokaci, kuma ta kasu biyu. Da farko akwai lokacin shekara. An yi ƙidayar 2006 a watan Maris, kuma ƙa'idarta ita ce a ƙirga mutum inda aka same shi. Watan Maris kuwa tsakiyar rani ne, sa'ad da samarin tudu da yawa suke cin rani a Kano ko Legas, makiyaya kuma sun gangara fadama da shanunsu, masunta sun bi ruwa. Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana bin rayuwar ƙauyen Dagaceri ta wajen Birniwa, ya nuna a littafinsa na 1989 cewa wannan kai-da-kawo ba alamar rushewar gari ba ne, dabara ce ta jure wa fari. Ƙauyen da aka auna a Maris zai fito da siffar mata da yara da tsofaffi. In aka koma a Agusta za a tarar da wani gari dabam a wuri guda.

Na biyu akwai tsufan alƙaluma. Ba a sake yin ƙidaya a Nijeriya ba tun 2006, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Yaron da aka haifa a shekarar ƙidayar yanzu ya isa aure. A fadama ma ƙasar ita kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin cikar kogi ya sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, wasu gonaki suka nutse, wasu fadamu suka bushe. Injin ban-ruwa da ya bazu daga shekarun 1980 ya mai da wasu ƙauyuka masu noma sau biyu ko uku a shekara. Sunan unguwa in ya tsufa yakan zama tarihi, kuma ana girmama shi a haka. Rukunin masana in ya tsufa kuskure yake zama, amma yana nan da rigarsa ta kimiyya.

5.3 Laƙabi

Matsala ta uku ta fi shafar masu nazarin harshe. Manyan rukunonin nan shida an ba su sunaye da Ingilishi, waɗanda in aka juya su zuwa Hausa za su ba da ma'ana kamar haka: korayen garuruwa, da wurare masu tasowa, da yankunan tsaka-tsaki, da surkakkun al'ummu, da mazaunan karkara, da cibiyoyin birane. Wasu daga ciki ba su da laifi, sai dai ba su faɗi kome ba; duk wanda ya taɓa bin hanyar Gumel zuwa Haɗeja bai bukaci kwamfuta ta gaya masa ana zaman karkara ba. Na huɗun kuwa abin dubawa ne. A Hausa nono ake surkawa, ko kunu, ko fura, kuma surki rage daraja ne. A ce wa jama'a surkakku daidai yake da a taɓa asalinsu, ko da masu aikin ba su nufi haka ba.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Gwajin da ya kamata a yi wa kowane laƙabi mai sauƙi ne: a fassara shi, a tafi ƙofar gidan dagaci, a faɗe shi a gaban jama'a. In mai faɗa ya ji nauyin bakinsa, to, laƙabin bai dace a rubuta shi a takardar hukuma ba. Laƙabin da aka raɗa da harshen da masu shi ba sa ji, ba su da damar su musa shi, kuma wannan ita ce illarsa mafi girma.

6.0 Attajiri da Matalauci, Katanga Ɗaya

Ko da an gyara waɗannan uku, an sami alƙaluma sababbi na kowace unguwa, akwai sauran magana a kan ginshiƙin da aka ambata a baya. A garin Hausa na gargajiya gida gado ne. Mutum ba ya barin unguwar ubansa don ya yi kuɗi. Abin da yake yi shi ne ya rushe zauren ƙasa ya gina na siminti a nan inda yake. Ƙaninsa da bai samu ba yana sashe na gaba, ɗan'uwansu almajiri yana bayan gida, barorinsa da masu yi masa ƙodago suna kewaye da shi. Dangantaka da sana'a da malami su ne suke haɗa maƙwabta, ba nauyin aljihu ba.

Polly Hill ta tabbatar da haka a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, a littafinta na 1972. Ta sami bambancin arziki mai tsanani a cikin ƙauye guda, ba tsakanin unguwa da unguwa ba, tsakanin gida da gida. Abin da ya fi jan hankali shi ne hanyar da ta bi. Ta nemi mutanen garin da suka san kowa su kasa magidanta kashi huɗu, bisa ma'auni ɗaya: wa zai iya jure wa shekarar da amfanin gona ya lalace ko ya makara? Wannan ma'auni daga cikin rayuwar manomi ya fito, kuma ya fi tambayar irin rufin ɗaki kusa da gaskiya, gama akwai mai kwanon rufi da rumbunsa ya ƙare tun kafin Yuli, akwai kuma Bafillace mai bukkar kara da garken da ya fi gidan siminti daraja. A fadamar Haɗeja tambayoyin da suke raba mutane su ne: wa yake da gona a bakin ruwa, wa yake aro ko haya, wa yake da injin ban-ruwa, wa yake da kwalekwale da koma, wa kuma yake cin bashin iri ya biya da shinkafa a kaka. Ba ɗaya daga cikinsu da layin unguwa yake amsawa.

Adalci ne a faɗi inda wannan hanya take da ƙarfi. A sababbin unguwannin Kano da Dutse, inda ake yanka fuloti a sayar wa mai kuɗinsa, maƙwabta sun fara kama da juna ta fuskar samu, kuma rabo irin na Ingila zai iya faɗin gaskiya a can. Haka kuma aikin Ojo da abokansa ya yi abin yabo guda, watau ya karya al'adar kallon Nijeriya a matsayin Arewa da Kudu kawai, ko jihohi 36, ya nuna cewa a cikin jiha ɗaya ana samun ƙananan hukumomi masu hali dabam-dabam. Ga mai tsara manufa a Abuja wannan ci gaba ne. Kuskuren yana zuwa ne in aka sauko da taswirar daga Abuja aka nemi a raba buhun taki da ita a Kaugama.

7.0 Abin da Ke Bin Taswira

Mai karatu zai iya cewa wannan duk gardamar malamai ce. Ba haka ba ne. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya sa talaucin Jigawa a kashi 87 cikin 100, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. A inda kusan tara cikin goma suke ƙarƙashin layi, kalmar matalauta ba ta rarrabe kowa, kuma duk wani tallafi da bai isa kowa ba dole a sami hanyar zaɓe. Rajistar marasa galihu ta ƙasa, wadda aka fara tattarawa a 2016, da taswirar talauci take farawa: a zaɓi ƙananan hukumomi, a jera garuruwan cikinsu, sa'an nan a tara jama'ar gari su fitar da gidajen da suka fi bukata. Matakin ƙarshen nan ya yi kusa da hanyar Polly Hill, kuma shi ne mafi inganci a cikin tsarin, in an tsare shi daga son kai. Amma ba a isa gare shi sai an wuce matakan farko. Gwauruwar da ke zaune a garin da taswira ta ce yana da dama-dama ba za a taɓa tara jama'a a kanta ba. Rugar da ba ta cikin jerin garuruwa, ko tungar masunta da ke tashi da janyewar ruwa, ba ta ma shiga lissafi balle a ce an tsallake ta.

Daɗin daɗawa, sunaye irin su Majema da 'Yankoli da Unguwar Jibrin yanzu sunayen mazaɓu ne a takardun hukumar zaɓe. Tsohon suna ya shiga sabon aiki, an ja masa iyaka, an ba shi lamba. Duk ranar da aka sami alƙaluman da suka sauka har matakin mazaɓa, za a liƙa wa waɗannan sunaye rukuni, kuma tsohon tabon sana'a zai iya haɗuwa da sabon tabon talauci a kan mutum guda.

8.0 Kammalawa

An ga cewa rarraba unguwanni ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, harshensa ma yana da ƙirar kalmomi ta musamman domin haka. An kuma ga cewa rabon zamani, in aka kawo shi ƙasar Haɗeja, mudunsa ya yi girma, lokacin awonsa bai dace ba, laƙabinsa baƙo ne, kuma zaton da ya ginu a kai bai yi daidai da zaman gado ba. Daga nan shawarwari huɗu suke fitowa. A fara rabon da ƙasa, watau tudu da fadama, kamar yadda masu karɓar kuɗin rafi suka gane tun da daɗewa. A yi awo sau biyu, da rani da damina, a kuma sa ruga da tunga a cikin jerin mazaunai. A rubuta shekarar awo a jikin kowane laƙabi, domin ya faɗi da kansa in ya tsufa. A raɗa laƙabin da Hausa, da sauran harsunan yankin, a gaban waɗanda za su ɗauke shi.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe da al'ada. Ya kamata a bi garuruwan masarautar Haɗeja ɗaya bayan ɗaya a tattara sunayen unguwanni da na fadamu da na tafkuna, tare da bayanin dattawa a kan asalinsu, tun masu bayanin suna raye. Harshen Auyokawa ya tafi ba a rubuta shi yadda ya kamata ba, kuma abin da ya rage na irin waɗannan harsuna yana maƙale ne a sunayen wurare. Wanda ya riƙe wannan kundi a hannu ɗaya, da jadawalin masana a ɗaya hannun, shi ne zai iya gane inda jadawalin ya faɗi gaskiya da inda ya yi shaci-faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.